Tarago Ɗaya Babu Gam

Na shafe shekaru ina tuƙa maigidana a garin nan na Doha kafin in san abin da ke saman benensa. Iyakata ƙofar gida da gareji da ɗan ɗakina na jikin katanga, a unguwar Al Thumama, inda jiragen sama ke wucewa ƙasa-ƙasa har mutum ya gaji ya daina ɗaga kai. Dattijo ne kamar ni, sai dai shi injiniya ne da ya yi ritaya, ni kuwa direba ne da taurin kai ya hana ajiye sitiyari. Hajji yake ce mini, Hajji nake ce masa. Na dai lura duk bayan 'yan makonni ana kawo masa ƙananan kwalaye daga ƙasashen waje, ya karɓa da hannu biyu, ya haye sama, ba a sake jin ɗuriyarsa sai an kira la'asar. Ban taɓa tambaya ba. Zaman ƙasar mutane ya koya mini in bar abin da ba a nuna mini ba.

Sai wata rana da hantsi aka kawo kwali mai ɗan girma, ga shi gwiwa ta matsa masa a makon.

“Yalla, Hajji, ɗauko mini wannan. Amma shuwai-shuwai, a hankali, kada ka girgiza shi.”

Na bi shi har sama. Ya buɗe ƙofa ya kunna fitila, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofar, na manta ina ɗauke da wani abu.

Ƙasa guda ce aka ɗora a kan teburi. Teburin ya ci ɗakin daga bango zuwa bango, an bar 'yar hanya kawai da mutum zai ratsa ta gefe. Ga duwatsu, ga daji kore shar da itatuwan da ba su wuce tsawon yatsana ba, ga kogi yana sheƙi har sai da na taɓa na ji ashe a daskare yake. Ga gada, ga gidaje da tagogi, har da igiyar shanya a bayan wani gida da riguna a kai. Layin dogo ya ratsa duk wannan, ya shiga cikin dutse ya fito ta wancan gefe. Maigidana ya murɗa wani makunni, sai na ji tari irin na inji, sannan usur, sannan wani kan jirgi da bai fi tafin hannuna ba ya motsa yana jan taragu. Na ce subhanallahi ban san sau nawa ba. Na ga dogayen benayen garin nan, na hau jirginsu da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa babu direba, duk ba su kama ni kamar yadda wannan ɗan jirgi ya kama ni ba.

Da taragun suka iso gabana sai na ga abin da suke ɗauke da shi. Gajerun gumagumai ne, an jera su a gicciye, sahu biyu. Na bi su da ido har ƙarshen teburin, inda suka shige harabar wani babban gini mai dogon bututun hayaƙi. A ɗaya ƙofar ginin ga wasu taragu cike da farin abu a nannaɗe.

“Hajji, wannan ginin fa?”

“Masana'antar takarda ce,” in ji shi. “A sare itace a daji, a yi lodinsa a nan, jirgi ya kai shi can. A ɓare, a niƙa, a dafa, ya fito takarda.”

Ya ce a wata ƙasa mai sanyi ya yi karatu yana saurayi, tagar ɗakinsa na kallon irin wannan wuri, da ya dawo ƙasarsu inda ba daji ba kogi sai ya gina nasa a saman bene. Na ajiye kwalin, na ja kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

Ni a bakin dogo aka haife ni, a wata 'yar tasha ta tsakiyar ƙasarmu da jirgin fasinja ba ya ko rage gudu in ya zo wucewa. Iyayenmu daga arewa suka gangaro neman aikin ƙarfi, suka yi 'yan ɗakuna na laka da kwano a bayan tashar. Daga bayan gidajenmu dajin itacen malaina ya fara, wanda aka shuka da hannu, layi-layi, ka yi tafiyar wuni ba ka ga ƙarshensa ba. Don takarda aka shuka shi, mu kuma dominsa muka zauna a wurin. Da an idar da sallar asuba za ka fara jin gatura daga nesa, ɗaya na amsa wa ɗaya, can sai wani ya yi kururuwa a kauce, itace ya yi ƙara ya zo ƙasa, ka ji faɗuwarsa a tafin ƙafarka kana tsakar gida. Mata na bin bayan masu sara suna tsintar ɓawo da rassa. Aikina ina ƙarami shi ne in cika wa mahaifiyata randa daga famfon tasha, in faskara mata itace in jera a jikin bangon madafi, sannan in ruga makaranta. Yau shekara da shekaru iskar esi nake shaƙa a mota da ɗaki, amma in na rufe ido har yanzu ina jin ƙamshin nan mai ɗan ɗaci da ke tashi in ruwan sama ya jiƙa sabon sara.

Mahaifina shi ne heliman 'yan lodi, wato shi ke duba aikin masu ɗora gumagumai a taragu. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi, kuma ba ya ɗaga murya. Injin ɗaga kaya in ma akwai shi a lokacin, to bai iso wurinmu ba. Mutum zai ɗora gammo a kafaɗa, ya saɓa gungumen da tsawonsa ya kai ƙirjinsa, ya hau katakon da aka jingina, ya jera a gefen da aka ba shi. Taragun a buɗe suke ta gefe, ƙarfe gaba ƙarfe baya kawai, babu igiya babu sarƙa. Abin da ke riƙe lodin shi ne yadda aka jera shi. Kowane gungume yana da ɓangare mai kauri, na wajen tushe, da ɓangare siriri da muke ce wa tsini. Sai a sa kaurin yana kallon waje, tsinin yana kallon tsakiyar tarago, ta yadda in jerin ya yi tsawo zai karkata ciki, sahun dama da na hagu su jingina da juna, duk girgizar da jirgi ya yi ƙara matse su take yi. Shi ya sa tun safe har azahar abin da za ka ji ke nan, na kan katako ya ce “Kauri waje!” na ƙasa su amsa “Tsini ciki!” Mahaifina kan ce musu, “Ba za mu bi jirgin nan ba, to ku jera shi yadda ba zai neme ku a hanya ba.”

Abin mamaki, duk cikin mutanen nan babu wanda ya taɓa ganin inda itacen ke zuwa. Mun dai san can ne, bakin babban kogi. In an zauna hutu a inuwar tarago sai a yi ta musu, wani ya ce dafa shi ake yi a tukunyar da ta fi masallacinmu girma, wani ya ce ƙarya ne, fere shi ake yi siriri-siriri. Na taɓa kawo wa mahaifina littafin rubutuna na makaranta na ce ga malainarsa ta dawo. Ya juya shi, ya shafa, ya sansana, ya miƙo mini ya ce, “Wannan ba tawa ba ce, tawa tana da ƙamshi.” Ya rasu bai ga masana'antar ba. Ni ma ban gan ta ba sai da furfura ta cika mini gemu, a kan teburin Balarabe, a ƙasar da ko itacen girki babu.

Da na zama saurayi na bar makaranta na shiga aikin. Wata da watanni ba a ba ni komai ba sai jawo gumagumai daga tsibi zuwa kusa da tarago, ni kuwa ina ji da ƙarfi, ina ganin tsofaffin nan sanyin jiki ne da su. Ran nan cikin damina wani daga cikin masu jeri ya kwanta zazzaɓi, ga jirgi na jira, ga hadari ya haɗo daga gabas. Mahaifina ya nuna mini gefe ɗaya na taragon ƙarshe, na ɗora gammo na fara. To, in ka saɓa gungume, kaurin ne ke son yin gaba, nauyinsa ya ja ka, ka tura shi ya shige da kansa. Haka kuma na saba jera wa mahaifiyata itace, kauri a jikin bango. Kafin ka sa tsini ciki sai ka tsaya a kan katako ka juya gungumen a kafaɗarka, abin da ke cin lokaci yake kuma cin fata. Na ce a raina wannan duk tsirfar tsofaffi ce. Bakina na amsa “Tsini ciki” tare da kowa, hannuna na yin abin da ya saba. Na riga kowa gamawa, na diro na tsaya ina share zufa a inda mai tallar dafaffiyar gyaɗa za ta gan ni da kyau, don da ita ma nake yi.

Mahaifina ya zo. Bai taɓa lodin ba, ya dai tsaya a ƙarshen tarago ya karkata kai ya kalli jerin ta gefe.

“Sauke,” ya ce.

“Baba, ai ya cika, ga ruwa nan zai...”

“Sauke shi duka.”

Ruwan kuwa ya kece. Direban jirgi ya yi ta busa usur, da ya gaji ya sauko yana faɗa yana nuna agogonsa. Mahaifina ya ce masa, “Jirgin naka ne, lodin nawa ne, kuma ba zai tashi a haka ba.” Mutane fiye da goma suka bar hutunsu suka hau sauke abin da na jera, cikin ruwa, gumagumai na santsi. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Aka sake jerawa ina ƙasa ina jawo musu kamar ranar da na fara. Mai gyaɗa ta rufe farantinta ta tafi. A gida mahaifina ya ci tuwonsa ya yi mini zancen akuyarmu da ta ɓace, bai sake ta da maganar ba.

Ni ne ban iya haɗiye ta ba. Na ɗauka ya yi ne don ya nuna wa jama'a ba ya ɗaga wa ko ɗansa ƙafa, ya sayi mutunci da kunyata. Bayan 'yan makonni na bi wata babbar mota, daga nan tuƙi ya shiga hannuna, hanya ta yi ta ja na har ta kawo ni nan. Nakan je gida mu gaisa lafiya lau, in kai masa goro da yadi, amma ban sake taka wurin lodi ba. Kullum ina ce wa kaina wata rana zan je in karɓi gefe ɗaya, in jera masa lodin da zai kalla ya rasa abin cewa. Ina cikin wata rana wata rana masana'antar ta tsaya, jirgin ya daina zuwa, dajin ya koma gawayi da gonaki, mahaifina ya rasu ina kan hanya da kayan wani. Bara ɗana ya je wurin ya ɗauko mini shi a waya. Ciyawa ce kawai da shanu, ko dogon ba a gani. Na ji zafin dajin, na ji zafin tashar, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne tarago ɗaya da ban jera daidai ba, kuma babu sauran inda zan je in jera shi.

Duk wannan ya taso mini ina zaune a kujerar maigidana. Da na dawo hayyacina na matsa na duba taragunsa da kyau. Gumaguman na roba ne, kaurinsu ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. Da ya ga ina kallo sai ya sa yatsa biyu ya ɗago lodin tarago guda gaba ɗaya, a manne da gam, kamar an ɗauko burodi. Bakina ya riga hankalina.

“Hajji, wannan lodin ƙarya ne.”

Duk zamana a gidan nan ban taɓa cewa ko shayinsu ya yi sanyi ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ni kuma na fara tunanin yadda zan haɗa kayana. Sai ya ja kujera ya zauna.

“Faɗa mini,” ya ce.

Na faɗa masa da guntun Larabcina da guntun Turancina da hannuwa. Sai ya buga cinya. Ya ce a ƙasar da ya yi karatu, ƙasan taragun ne ake ƙerawa a karkace zuwa tsakiya saboda wannan dalilin, amma bai taɓa zaton akwai inda mutane suka gano haka da kafaɗunsu ba.

“Za ka iya yi mini irinsa?”

“Zan iya. Amma da itacen gaske, kuma babu gam.”

Nan fuskarsa ta canja. Ya nuna mini inda dogon ya sha kwana da barin wurin lodi, dab da bakin teburi. Ya ce in tsinke ɗaya ya faɗo a nan ya shiga ƙarƙashin ƙafar tarago, taragun za su kauce su jawo kan jirgin ya faɗo ƙasa a kan tayil, kuma an daina ƙera irinsa, tun yana saurayi ya zo da shi. Na san girman abin da nake roƙo.

“Tarago ɗaya,” ya ce daga ƙarshe. “Ɗaya kawai, Hajji.”

“Ni ma ɗaya nake nema.”

Na zaɓi ƙananan rassa daga dogonyaron ƙofar gida, waɗanda ba su fi tsinken tsire kauri ba, na shanya a rufin gareji, ranar Doha ta busar da su cikin kwana biyu. Ran Juma'a na tafi da su a aljihu zuwa unguwar Fereej Abdel Aziz, inda nakan ci abincin rana wurin wani abokina, mutumin zangon Kumasi, mai aikin ɗaukar kaya a kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour. Ya gan ni ina yanka tsinke da reza ina aunawa, ya ajiye cokali.

“Kai, Alaji, mun zo ƙasar mutane neman abinci, kai ka zo wasan yara? Wallahi ka ba ni mamaki paa. Kafil naka, maigidan nan, shi ya sa ka, ko kanka ne ya taɓa?”

Na yi masa bayani. Ya saurara yana tauna, can ya ce, “To ai mu ma haka. Kwandon tumatur, in ka sa shi ya kalli waje, mota ya sha kwana, khalas, sai ka kwashe miya a titi.” Ya karɓe rezar, wai ban iya yanka ba, ya yanka mini fiye da rabi yana yi yana mini tsiya.

Daga nan kullum bayan azahar in babu fita sai mu hau sama. Maigidana ya ba ni matsefata irin ta cire ƙaya, da fitila mai gilashin ƙara girma. A da gungume ɗaya sai na yi nishi kafin in ɗaga, yanzu numfashina kaɗai ya isa ya watsar da lodin, sai da na koyi juya fuska in zan yi ajiyar zuciya. Jeri na farko ya zube tun bai kai rabi ba, na biyu ma haka. A rana ta huɗu na kai sahu guda har sama, na ja da baya ina jin daɗi, na karkata kai na kalle shi ta gefe, sai na ga ya kwanto waje. Na duba tsinkayen ɗaya-ɗaya. Kusan rabinsu kauri ciki. Da furfurata da jikokina, hannun nan nawa bai daina abin da ya saba ba. Na yi dariya har hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Na zubar na sake, kowane tsinke sai na ɗaga shi gaban gilashi na juya shi, na faɗi kalmar a fili kafin in ajiye. Ban san maigidana na saurare ba sai da wata rana na ce “Kauri waje,” na ji an amsa daga bayan dutse, da harshen da bai saba ba, “Tsini ciki!”

Ranar da na gama, bayan la'asar ce. Sahu biyu sun jingina a tsakiya, babu abin da ke riƙe su sai junansu. Maigidana ya haɗa taragon a bayan tsohon kan jirginsa, ya kashe esi don kada iska ta sa hannu, ya yi bismillah, ya murɗa. Na riƙe bakin teburi. Jirgin ya bar wurin lodi ya doshi kwanar, kan jirgi ya shiga, taragona ya bi shi ya ɗan kwanta gefe. Na ga tsinke ɗaya na can sama ya motsa. Ya mirgina kaɗan, ya tsaya, sannan ya zame ciki ya zauna tsakanin 'yan'uwansa. Taragon ya miƙe, ya hau gada, ya shige cikin dutse. Na zagaya da sauri ina buge gwiwa da ƙafar teburi don in tare shi ta wancan gefe, ya fito da lodinsa cif. Na bi shi a ƙafa, taku huɗu ko biyar, har ya shiga ƙofar masana'anta ya tsaya. Tafiyar da mahaifina da mutanensa suka yi shekaru suna aika itace ba su taɓa yi ba, na yi ta da silifas a kan tayil. Girman abin ya cika mini ƙirji, na rasa ta cewa sai Allahu akbar, maigidana kuma yana ta tafi.

Da muka natsu ya jawo durowa ya fito da akwatin ƙananan mutane, irin waɗanda ya zuba a tasha da bakin kogi. Ya zaɓo ɗaya da bai fi gaɓar yatsa ba. Ashe tun kwanaki ya yi masa fenti a ɓoye, baƙar fata, farar hula, riga mai ruwan ƙasa. Ya ɗora mini a tafin hannu.

“Wannan helima ne,” ya ce. “Wurin lodi ba ya yiwuwa babu shi. Ina yake tsayawa in jirgi zai tashi?”

Ban taɓa tunanin wannan ba tun da na bar gida, amma ban yi wata-wata ba. Na wuce wurin lodi, na wuce tsibin itace, na kai shi kwanar farko na tsayar da shi ta bayanta, dab da dogo.

“La, la, Hajji, ba nan ba,” in ji maigidana. “Ba mai hankalin da zai tsaya nan. In lodi zai zube, a nan zai fara zubewa, kuma ta wannan gefen. Duk wanda ke wurin, a kansa zai sauka.”

Na kalli wurin daga sama, yadda ban taɓa samun kallonsa ba ina ƙasa. A nan mahaifina yake tsayawa. Duk jirgin da zai tashi sai ya bar mu a inuwa, ya taka shi kaɗai, hannuwa a baya, ya je ya tsaya a bayan kwanar har taragon ƙarshe ya wuce, da rana da ruwa. Mu samari cewa muke yi gudun surutunmu yake yi. Ashe duk lodin da ya ce ya yi, kansa yake fara kaiwa ƙarƙashinsa kafin ya bar shi ya ratsa garuruwan mutane. Ranar da ya ce in sauke, da ya ƙyale ni don kada in ji kunya, can zai je ya tsaya, a ƙarƙashin abin da na jera. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a ranar ruwan, tare da wata ƙaunarsa da ta zo mini a makare. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Maigidana ya miƙo hannu zai matsar da ɗan mutumin zuwa inuwar tasha. Na riƙe masa wuyan hannu, abin da ban taɓa yi ba.

“Bar shi a nan, Hajji,” na ce. “Dawo da taragona, a sake tayar da jirgin.”

Ya dube ni, ya dubi ɗan mutumin mai farar hula a bakin kwana, sannan ya kai hannu ga makunnin.